Sa Hannun Ranar Lahadi

A shekarar da na koma karatu, jami'ar da ta ɗauke mu ba ta da wurin da za ta zuba mu a harabarta. Sai ta ari azuzuwa uku a wata firamare da ke Fagge, muna zuwa Asabar da Lahadi. Kwasa-kwasan gajeru ne, mako goma sha biyu kowanne, wanda ka ci a rubuta maka kiredit uku. In kiredit ya taru ya kai adadi, sai a ba ka digiri. Yawancinmu mun haura shekara arba'in. Kan bencin yara muke zama, gwiwoyinmu na dungurin teburi, ga zanen sassan jikin kifi a bango.

Doka ɗaya ce ba a sassautawa. Wanda bai halarci kashi uku cikin huɗu na darussa ba, ba zai zauna jarrabawa ba. Takardar halarta tana zagayawa a rabin awar farko, kowa ya sa hannu a gaban sunansa, malami ya naɗe ta ya kai ofis.

A lokacin ina karanta labaran safe a wani gidan rediyo, kuma ranar Asabar ba na sauka sai tara da rabi. Darasi na farawa ƙarfe tara. Kafin adaidaita sahu ya ratsa cunkoson Titin Ibrahim Taiwo da ni, takarda ta tafi. Matar da ke zama a damana kuwa Lahadi ce matsalarta. Malamar firamare ce a Sabon Gari, can aka haife ta, iyayenta mutanen kudu maso gabas ne, Hausarta ta fi ta wasu abokan aikina tsabta. Tana cikin mawaƙan cocinsu, ba ta isowa aji sai sha ɗaya. Madam muke ce mata. Shekara ashirin da biyu ta yi tana koyar da 'yan aji biyu, sai mai makarantar ya ba su wa'adi: duk wanda bai kawo shaidar cin kwasa-kwasan wannan zangon ba kafin sabuwar shekarar karatu, ya nemi wani wurin.

Ita ta kawo shawarar, a mako na biyu.

"Malam, kai Asabar, ni Lahadi. Ba banza aka haɗa mu benci ɗaya ba. Ka koyi hannuna, in koyi naka."

Na ce, "Madam, wato ki fito daga coci ki tarar an riga an yi miki ƙarya."

"Kai ma daga karanta wa jama'a gaskiya za ka fito. Miƙo biro."

Sa hannunta ba wuya, lanƙwasa ɗaya babba da ɗigo biyu a ƙasa. Ba mu kaɗai ke yi ba. Shugaban ajinmu, wani Alhaji mai shagon atamfa a Kantin Kwari, yakan ce da a ce duk masu sa hannu suna zuwa, da sai an ƙaro benci.

A mako na biyar mijinta ya rasu. Kayan gyaran mota yake sayarwa, a shago ya yanke jiki ya faɗi. Muka je gaisuwa mu shida, Alhaji a gaba. Muka tarar da ita zaune a tabarma, mata kewaye da ita suna waƙa a hankali. Muka ce Allah ya ba da haƙuri, muka sha ruwa, muka fito. Ban tambayi inda aka binne shi ba, domin a sanina wanda ya rasu da safe kafin la'asar an dawo daga maƙabarta. Duk mutuwar da na taɓa halarta haka take. Ban san yana ɗakin ajiye gawa na asibiti ba, yana jiran dangi su shirya a kai shi garinsu.

Mako na gaba ta dawo aji, ta rame, amma tana rubutu kamar kullum. A mako na bakwai ta miƙo mini wani kati mai sheƙi, da hoton marigayin a gaba. Na ƙirga a raina, na ga an kusa kwana ashirin, na ɗauka wani taron addu'a suke shiryawa irin namu na arba'in, na yini guda a nan Sabon Gari. Na yi godiya, na zura shi a jaka ban buɗe ba.

Daga nan ban sake ganinta ba har mako uku. Na ce a raina baƙin ciki ne ya kwantar da ita. Ban kira ta a waya ba, don a wurinmu namiji ba ya yawan kiran matar da mijinta bai daɗe da rasuwa ba. Abin da na ga zan iya yi mata shi na yi. Lahadi uku a jere na zana lanƙwasa da ɗigo biyu a gaban sunanta, ina jin na kyauta.

Ashe kafin ta tafi ta rubuta wa ofis wasiƙa, ta haɗa da irin katin nan, an ba ta izinin mako uku a rubuce. Ba ta buƙatar hannun kowa.

A mako na goma sha ɗaya, ranar Lahadi, ta shigo da farin zane, kanta a aske ƙarƙashin ɗankwali. Ba ta gama zama ba jami'in ofis mai kula da kwas ɗinmu ya biyo ta, wasiƙa a hannu ɗaya, takardun halarta a ɗayan.

"Madam, wannan wasiƙarki ce?"

"Tawa ce, yallaɓai."

"Ta ce kina garinku kina binne mijinki. Waɗannan kuma sun ce kina Fagge, Lahadi uku. Wanne zan ɗauka?"

Ta dubi takardun. Ba ta dube ni ba.

"Na duba na baya," in ji shi. "Hannun Lahadi daban, na Asabar daban. Wa yake sa miki?"

"Ban sani ba, yallaɓai."

Na gyara zama zan miƙe. Ta ɗora bironta a kan littafina ta danna da ƙarfi, har ya huda takardar. Na koma na zauna. Jami'in ya ce za a soke duk Lahadin da ke gaban sunanta, abin da ya rage kuwa ba zai kai ta jarrabawa ba, sai dai ta sake rajista baɗi. Alhaji ya tashi yana "a yi haƙuri, yallaɓai, mai takaba ce", jami'in ya ce takardar ta riga ta wuce teburinsa.

Bayan an tashi na same ta a bakin famfon yara tana wanke fuska.

"Zan je in faɗa musu ni ne."

"Ka faɗa, sai su juya su duba Asabar, su ga hannuna a gaban sunanka. Ba za su dawo mini da Lahadi ko ɗaya ba. Su ƙara mini laifi, su haɗa da kai." Ta share fuska da gefen zane. "Ban ba ka kati ba, Malam?"

"Kin ba ni."

"Ka karanta?"

"A'a."

"Kai da aikinka ke nan, karatu."

Hujjarta daidai ce, na auna ta ta kowane ɓangare ban ga ɓaraka ba. Abin da ya tsaya mini har yau shi ne saurin da na yi na karɓe ta. A cikin adaidaita sahu na buɗe katin. Ga sunan garin, ga ranakun tafiya da na binnewa da na godiya a coci, da manyan haruffa.

Na zauna jarrabawa, na ci, aka rubuta mini kiredit ɗina. Da sabuwar shekarar karatu ta zo, aka ba wata yarinya mai digiri ajinta.

Bayan wata shida na je Sabon Gari neman fitilar motar wani abokin aikina, na same ta a shagon marigayin, da tabarau a hanci, tana karanta lambar da ke jikin wani kwali.

"A'a, Malam mai kiredit. Shigo, kar ka taka man nan."

Na ce mata an buɗe rajista, na kawo mata fom in tana so. Ta karɓa, ta karanta shi daga sama har ƙasa, gaba da baya, ta miƙo mini.

"Asabar ce ranar ciniki a nan, in na rufe yara ba za su ci ba. Lahadi kuma ka san inda nake." Ta juya ta ɗauko fitilar daga kan kanta. "Ta hagu ka ce ko ta dama?"