Ruwan da Na Yi Alwala da Shi

Ko da zan manta komai a duniya, ranar da na kai matata hamadar Amurka ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun wuce, amma har yau in na buɗe famfo a gidanmu na Dagenham a Landan sai gabana ya faɗi.

Ni mutumin Sakkwato ne, kuma kowa ya san mu da cika baki a kan zafi. Na fi shekara ashirin a Landan, amma da Turawa sun fara kukan zafi a cikin tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, sai in yi ta dariya ina cewa wannan ai sanyin asuba ne a garinmu. Da yaranmu suka tafi jami'a, na ce bari in fitar da uwarsu ita ma ta sha iska. Na zaɓi wani katafaren gandun hamada da gwamnati ke kula da shi a yammacin Amurka, kuma na sa tafiyar a tsakiyar lokacin zafi, don a nan na samu hutu.

Maƙwabcina, wani dattijo ɗan Ghana direban bas, ya tare ni a ƙofar masallaci. "Alhaji, ɗana ya je wurin nan. Ya ce summer ba a zuwa. Matanka ba zai iya ba."

"Na riga na yi booking," na ce masa. "Kuma ai ba a koya wa Basakkwace rana."

Ya girgiza kai kawai ya wuce.

A ƙofar gandun, wata ma'aikaciya ta yi mana gargaɗi: mu ɗauki ruwa da yawa, kada mu yi tafiyar ƙasa bayan hantsi, kada mu yi nisa da mota. Ina gyaɗa mata kai, a zuciyata kuwa ina cewa yarinyar nan ba ta san da wa take magana ba. Na sayi gorar ruwa huɗu. Matata ta ce, "Baban yara, mu ƙara ruwan mana." Na ce, "Shago za mu buɗe ne?" Ta ƙyale ni, don ta san halina.

Rana ta riga ta take lokacin da muka ajiye mota muka shiga wani kwazazzabo don kallon duwatsu masu launi. Iskar wurin kamar an buɗe murhun gasa burodi. Kafin Azahar mun shanye gora biyu. Da lokacin salla ya yi, na tsuguna na kwance murfin ta uku.

"Ka yi taimama mana," in ji ta. "Allah ya sauƙaƙa mana. Ga ƙasa nan har ta yi yawa."

"Ga ruwa a hannu a yi taimama?"

Tun ina makarantar allo na san mai tsoron ƙishirwa taimama zai yi. Ba jahilci ba ne, girman kai ne. Na wanke kowace gaɓa sau uku, har ƙafafu, gorar ta ƙare tas. Kafin in miƙe ƙasa ta shanye ruwan. Ita kuwa ta dafa ƙasa ta yi taimamarta.

A hanyar dawowa muka ɓata. Duwatsun duk iri ɗaya, waya babu network, babu ko tsuntsu. Gorar ƙarshe ta tafi da ɗan kurɓi-kurɓi. Can na lura ta daina gumi, fuskarta ta bushe, tana tangaɗi. Ta fara kiran mahaifiyarta da ta rasu tun muna gida, tana cewa a miƙo mata moɗa. Na kwantar da ita a ƙarƙashin wani dutse, na ɗaga gorar alwalar na girgiza a bakinta, ko ɗigo bai fito ba. Na yi ihu har muryata ta dushe. Ban taɓa tsanar kaina irin ta wannan lokacin ba.

Wajen la'asar ma'aikatan gandun suka ga motarmu ba kowa, suka biyo sawu. Jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke ta. Ta rayu, amma ƙodojinta duka biyu sun daina aiki.

Bayan mun dawo Landan na zauna na tuna abin da na manta. A Sakkwato ɗin da nake taƙama da ita, wane mai hankali ne ke yawo da tsakar rana? Kowa na ƙarƙashin dogonyaro, ga randa a kusa, sai la'asar ta yi sanyi a fito. Iyayenmu ba su fi ƙarfin rana ba, tsoronta suke ji. Ni na ɗauko bakin, na bar hankalin a gida.

Yanzu sau uku a mako nake kai ta wankin ƙoda. Likitoci sun ƙayyade mata ruwan sha, ɗan ƙaramin kofi take aunawa da shi, in ƙishi ya dame ta sai ta tsotsi ƙanƙara. Dattijon nan ɗan Ghana bai taɓa ce mini "na faɗa maka" ba. Ita ma ba ta taɓa goranta mini ba, kuma wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Rannan ina alwala a banɗaki, na bar famfo yana zuba, sai na ji muryarta daga falo a hankali: "Baban yara, rage famfon nan don Allah. Ƙarar ruwan na sa ni ƙishi."

Na rufe, na zauna a bakin baho ina hawaye. Abin da na koya shi ne, in mutanen wuri suka gargaɗe ka a kan wurinsu, ka ajiye sunan garinku ka saurara, kuma in Allah ya yi maka sauƙi ka karɓa. An ce wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Ni na ƙi jin bari, amma ita ce take jin hohon har yau.