Inabin Kudan

Murjanatu Sanda 'yar Kudan ce, ta ƙasar Zazzau, amma yau shekara da shekaru tana zaune a Dubai tare da mijinta Badaru, wanda ke aikin kago, wato jigilar kaya, a unguwar Deira. Ita kuwa wani kamfanin noma take yi wa aiki, ofishinsu na Al Khabaisi, gonar inabin da suke kula da ita kuma tana can Hatta, cikin duwatsu.

Idan aka tambaye ta aikinta, takan ce, "Ina gaya wa manomi ranar da ƙwaro zai ƙyanƙyashe." Mutane su yi dariya, alhali gaskiya ta faɗa. An kakkafa ƙananan na'urori a gonar, suna auna zafi da danshi, an kuma rataye tarkuna masu danƙo a rumfunan inabin. Ita ke tattara abin da suka nuna ta zuba a manhajar da ta haɗa, manhajar ta yi hasashen makon da ƙwai za su fashe. A lokacin ƙwarin suna ƙanana, feshi kaɗan ya ishe su.

A gonar mahaifinta, Malam Sanda, ta fara sanin inabi. Yana cikin waɗanda suka fara dasa shi a garinsu, tun mutane na cewa wannan itacen Larabawa ne, ba zai yi a nan ba. Ya kuwa yi. Da ita ake ɗaure rassa a waya, ita ke kore tsuntsaye idan ya fara nuna. Shekarar da ta shiga jami'a a Samaru wani farin ƙwaro, mai kama da an barbaɗa masa gari, ya shiga gonar. Kafin a ankara ya ɓuya cikin nonon inabin, inda magani ba ya kai wa. Ta dawo hutu ta tarar da Baba zaune a gindin rumfa, yana tsinke baƙaƙen nonna yana jefawa a kwando. Bai ce mata komai ba sai, "Kin ci abinci kuwa?"

A Hatta aiki ya karɓe ta. Mai gonar, wani dattijo Balarabe, ya daina yi mata gardama tun shekara ta biyu. Sai dai duk ranar da ta shiga ƙarƙashin rumfa ta ji ƙamshin ganye, hankalinta gida yake tafiya. Takan tsaya tana duban duwatsun nan masu launin toka, tana neman jar ƙasa da bishiyar ɗorawa, ba ta gani.

Wata Juma'a ta kira gida.

"Baba, zan aiko da wata 'yar na'ura. Yaya Haidar zai kafa ta a gona."

"Uwata, ke da ke wata duniya, ta ina za ki ga ƙwaron gonata?"

"Zafin garin kawai nake so a riƙa turo mini."

"To. Allah ya yi albarka."

Badaru ya ba wani ɗan kasuwa mai komawa Kano saƙon, yayanta Haidar ya je ya karɓo. Shekarar farko hasashen bai ci ba. Da zafin Hatta ta gina lissafin, ƙwaron Kudan kuwa ya riga ranar da ta faɗa fitowa. Kwana biyu ta kasa kiran gida don kunya, har sai da Baba ya kira da kansa.

"Ba a koyon gona a shekara ɗaya," in ji shi. "Ni ma sai da na kashe dashe biyu."

Ta sake zama a kan aikin. Ta sa Haidar ya rataye tarko a gonar yana turo mata hotunansa, tana ƙirga ɗigo-ɗigon ƙwarin da ke jiki a waya, cikin motar da ke kai su Hatta. Shekara ta gaba ta ce su yi feshi a makon da ta ambata, kada su jira sai sun gani da ido. Baba ya sa aka yi. Inabin ya fito tas. Maƙwabta suka fara zuwa tambayar Haidar me 'yar Dubai ta ce.

Da girbi ya matso, Baba ya ce, "Ki zo ki ci da bakinki. Na bar miki layin bakin rijiya, ba wanda zai taɓa."

Sai dai lokacin da inabin Kudan ke nuna, lokacin ne ƙwarin Hatta ke tashi. Ta nemi hutu, shugabanta ya ce, "Shwaiya, a hankali, Murjanatu, bari mu wuce wannan watan, inshallah." Ta san ba mugunta ba ce, babu mai riƙe aikin in ta tafi. Kafin watan ya wuce, layin bakin rijiya ya fara zuba, dole aka tsinke aka raba wa maƙwabta.

Haidar ya kira ta da bidiyo ranar tsinkar. Tana tsaye a gonar Hatta, ga inabi ɗanye shar a samanta, tana kallon hannun Baba yana ɗaga wani nono zuwa fuskar waya. Ta lura hannun ya rame.

"Kin gani?"

"Na gani, Baba."

"Ya fi na Larabawanki zaƙi."

Ta yi dariya, ta juya wayar gefe ta goge ido da bakin mayafi.

Yanzu ta fara koya wa wata abokiyar aikinta, Sharon, 'yar Kafanchan, yadda ake tafiyar da manhajar, don a samu mai tsaya mata. Sharon na da kai, amma aikin na son lokaci. Badaru ya ce in bai samu hutu ba, ta tafi gida ita kaɗai. Baba kuwa ya datse rassa, sabon toho ya fito, kuma duk Juma'a idan sun gaisa yakan tambaye ta ko yarinyar nan da take koya wa ta iya.