Ranar da Na Taka Ruwa

Sau biyu ina faɗuwa tambayoyin ajin baftisma. Majami'armu a Haɗeja 'yar ƙarama ce, ko akuya ta shigo sai an matsa mata wuri, don haka har jarirai sun san labarina. Dattijon da ke koyar da mu ya ce in na sake faɗuwa sai baɗi, tsarana su shiga kogi ni ina bakin gaɓa riƙe da tawul.

Tambaya ɗaya ke kayar da ni: mece ce bangaskiya? Na haddace amsar tsaf, amma ina gama zuba ta sai ya ce, "Aku ma ya iya wannan. Kai me ka gane?"

Sai na ce bari in nuna a aikace. An karanta mana labarin manzon da ya sauka daga jirgi ya taka ruwa. Farkon kawai na ji, gyangyaɗi ya cinye sauran. Da hantsi na tafi fadama, inda ambaliya ta kwanta cikin ciyawar kachala, na rufe ido, na ɗaga ƙafa.

Ashe ba a sanar da ruwan ba. Taku na biyu laka ta kama ni har ƙugu, tana ja. Ihun da na yi, na tabbata an ji shi a Birniwa.

Wani masunci maƙwabcinmu, Musulmi, ya taso yana iyo kwance a kan ƙatuwar gorarsa ta kamun kifi.

"Ɗan maƙwabci, me kake nema a nan?"

"Baba, ruwa nake takawa."

"To ai ka taka. Miƙo hannu."

Labari ya riga ni zuwa majami'a. Ran Asabar dattijo ya tsai da ni gaban kowa, na sadaƙar sai baɗin.

"Da ka ga kana nutsewa, me ka yi?"

"Baba, ihu na yi a cece ni."

"Aka miƙo hannu fa?"

"Na damƙe."

Ya buɗe Littafi ya ce in karanta labarin har ƙarshe. Ashe manzon ma nutsewa ya yi, ya yi ihu, aka kamo shi. Na karanta wurin sau biyu, a hankali.

"Rabi ka gane," in ji dattijo. "Ni ma shekara arba'in ke nan ina kan ɗaya rabin."

Ya rubuta sunana a ƙarshen jerin masu shiga kogi.