Garken Hadiza

Jiya a kasuwar Filinge na iske Kawu yana cika baki: "Ɗiyata Hadiza ta hi kowa garke a Kurfai!"

Ita dai bincike take a labo, ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Tana kiwon ƙwayoyin cuta cikin faranti, tana sauya musu halitta don su samar da sinadarin furotin na magani. Ta ce masa suna ci, suna haihuwa, ana tatsarsu. Iyakar abin da ya ji ke nan.

Sai maƙwabcinsa wanda fari ya kashe wa shanu ya matso: "Alhaji, a ara min karsana guda in tada garke."

Kawu ya buga mata waya. Ta ce, "Baba, in na ba shi guda, zawo za shi yi!"

Jama'a, wa zai faɗa wa maƙwabcin nan? Har ya sayi igiya.