Waƙar Shanu a Garin Manoma

Ni ba mawaƙi ba ne, kuma ban iya kaɗa ko gwangwani ba. Murya ce ta kai ni ƙungiyar makaɗa da mawaƙa ta unguwarmu ta Takur a Dutse. Ina koyar da Hausa a wata sakandare a Dutse, an kuma ce idan na buɗe baki har na ajin maƙwabta yana ji, don haka aka ɗora mini gabatar da taro. Shugabarmu malamar makaranta ce da ta yi ritaya, Hajiya muke ce mata, ita ta kafa ƙungiyar. Mukan shirya wasa a cikin gari sau biyu ko uku a shekara, abin da aka samu kuma a ɗauki nauyin karatun ɗalibi ɗaya daga makarantun karkara. Gasar rubuta waƙa ce hanyar zaɓe. Mu cire sunaye mu sa lamba, alƙalai su karanta. Waƙar da ta ci sai makaɗanmu su sa mata kiɗa, mu je har garin mai ita mu rera a gaban iyaye da maƙwabta, sannan a miƙa takardar tallafi.

A shekarar da nake magana, wata yarinya ce ta ci, 'yar aji uku a ƙaramar sakandaren wani ƙauye gaba da Aujara. 'Yar makiyaya ce, rugarsu tana bayan garin tun kafin a haife ta. Waƙar a kan shanun babanta take: yadda suke dawowa da yamma, yadda kowace saniya ta san sunanta, yadda maraƙi yake kuka a turke idan ya hango uwarsa. Wata guda muka yi muna bitarta. Baba mai kukuma, wanda shi ne dattijon makaɗanmu, ya ce rabonsa da waƙar da ta zauna a kan tsirkiya kamar wannan har ya manta.

Ranar Asabar muka tashi, da kaka, an yanke gero amma dawa da wake suna gona. Mu goma sha ɗaya ne a bas, da kalangai da lasifika da ƙaramin janareto. Saura kaɗan mu shiga garin sai ga hedimastan makarantar tsaye a bakin hanya kusa da babur ɗinsa yana ɗaga mana hannu. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce mu fito, ni da Hajiya.

"Na yi ta kiran wayarku ba ta shiga," in ji shi. "Shekaranjiya shanu sun faɗa gonar waken wani bawan Allah, sun cinye fiye da rabi. An ɗaga sanduna, wani matashi daga ruga ya karye a hannu. Har yanzu ba a zauna ba."

Hajiya ta ce, "Shanun wa?"

Ya kalli bas ɗin, ya kalli ƙasa. "Na mahaifin yarinyarku."

Muka wuce gidan mai gari. Ya karɓe mu a zaure, aka kawo ruwa, aka yi gaisuwa mai tsawo da kowa ya san ba ita ce maganar ba. Daga baya ya gyara zama.

"Hajiya, kun zo da alheri, ba zan mayar da ku ba. Ku yi wasanku. Amma takardar nan a ba yarinyar a ofishin hedimasta, a rufe ƙofa. Waƙar shanun kuwa ku bar ta sai wani jiƙon."

"Ranka ya daɗe, yarinyar ba ta shiga gonar kowa ba," in ji Hajiya. "Tun kafin a shuka waken nan ta rubuta waƙarta. Kowace shekara a bainar jama'a muke bayarwa. In muka ɓoye tata, me muka gaya mata ke nan?"

"Ke za ki koma Dutse yau. Ni nan zan kwana da su."

Da muka fito na ja ta gefe. Ni ɗan manoma ne daga Jahun, na san yadda mutum yake ji idan ya tsaya a kan gonar da aka tattake. Na taɓa ganin mahaifina ya kwana biyu bai ci abinci ba saboda haka.

"Hajiya, mai gari yana da gaskiya. Mu ba ta takarda a fili in ya so, amma mu bar waƙar."

"Malam, in tsoro kake ji, ba ni lasifikar in yi da kaina."

Maganar ta yi mini zafi, kuma gaskiya ce, tsoro nake ji. Na ce zan yi.

Bayan la'asar aka taru a filin makaranta, ƙarƙashin itatuwan darbejiya. Mutanen gari suka zauna a kan bencina da tabarmi ta dama, matansu a baya. Mutanen ruga ba su zauna ba. Can gefen hagu suka tsaya, kowa ya dogara da sandarsa, tsakaninsu da sauran jama'a akwai fili da mota za ta iya wucewa. Yarinyar tana cikin ɗalibai a gaba, cikin farin hijabin makaranta, kanta a sunkuye. Mai gari ya zo a makare, aka sa masa kujera kusa da Hajiya.

Muka fara da waƙar wanke hannu, wadda a ko'ina yara suke karɓar amshinta. A nan ko yaran ma sai da suka waiga suka dubi iyayensu, sannan ƙalilan suka karɓa. Muka yi ta kai yara makaranta. Babu guɗa, babu tafi. Masu kalangu suna kaɗawa suna satar kallona, ni kuma ina jin ƙarar janareto fiye da kiɗan. Na lura da wani mutum a benci na biyu, kakkaura, da hula a karkace, bai kalli makaɗa ko sau ɗaya ba. Idonsa yana hagu. Hedimasta ya raɗa mini cewa shi ne mai gonar.

Lokaci ya yi. Hajiya ta miƙo mini ambulan. Na yi bayanin gasar, na nanata cewa alƙalai lamba suka gani ba suna ba, na kuma ji kaina ina maimaita wannan har sau uku. Sannan na kira sunan yarinyar da na mahaifinta, na ce yanzu za a rera waƙarta.

Baba mai kukuma ya ja izga, bai kai ƙarshen layin farko ba mai gonar ya miƙe. Ya taho gaba, ba da sauri ba. Mutum biyar ko shida suka miƙe a bayansa. Ta hagu na ga sandunan da aka dogara da su sun bar ƙasa. Kiɗa ya tsaya. Ya zo har gabana ya miƙo hannu.

"Malam, ba ni abin maganar nan."

Na kalli Hajiya, ta girgiza kai. Na kalli mai gari, shi kuma carbinsa yake kallo. Abin da ya zo mini shi ne, in na hana shi, ƙwacewa zai yi, in kuwa ya ƙwace, na hagu ba za su tsaya kallo ba. Na miƙa masa.

Ya riƙe ta nesa da baki kamar mai tsoron ta ƙona shi, amma kowa ya ji.

"Ni ban yi boko ba. Wake na shuka, da shi nake riƙe gida har damina ta zagayo. Kwana biyu ina zuwa ƙofar mai gari ana ce mini gobe. Yau kuma ga baƙi daga Dutse da ganguna, sun zo yi wa shanun da suka cinye ni kirari a gabana. To ku gaya mini, wa zai yi wa wakena waƙa?"

Hayaniya ta tashi ta dama. Mata suka fara janye yara. Sai wani dogon mutum siriri ya fito daga hagu, ya miƙa sandarsa ga na kusa da shi, ya tako cikin filin nan da ba kowa. Mahaifin yarinyar ne. Bai nemi lasifika ba.

"Shanuna ne, ban musa ba. Tun ranar na aika a zo a duba ɓarna, abin da dattawa suka yanke in ɗauka. Ba wanda ya zo. Amma ɗan ƙanena yana kwance da hannu a ɗaure. Shi ma a duba shi."

"Shi ya fara ɗaga sanda!" wani ya yi ihu daga baya.

"Ƙarya ne!" aka mayar daga hagu.

Bencina suka fara faɗuwa. Ni ina tsakiyar su biyun, ba ni da komai a hannu sai ambulan. A nan ne mai gari ya tashi. Bai ɗaga murya sosai ba, amma liman ya miƙe tare da shi, sai aka lafa.

"Gobe bayan la'asar, a ƙofar gidana. Liman zai zauna, arɗo zai zauna. Da safe mutum huɗu za su je gonar, biyu daga nan biyu daga can. Wanda ya ji ciwo ma za a duba shi."

"A gaban mutane ka faɗa, ranka ya daɗe," in ji mai gonar.

"A gaban mutane na faɗa."

Ya dawo mini da lasifikar, ya juya. Bai koma benci ba, hanyar gari ya nufa, kusan rabin mazan suka bi shi.

Hajiya ta taso ta karɓi ambulan daga hannuna, ta kira yarinyar. Sai da malamarta ta kamo hannunta sannan ta iya tasowa. Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu. Hajiya ta juya ga Baba mai kukuma ta ce a ci gaba. Ina kusa, don haka na ji abin da yarinyar ta ce, murya ƙasa ƙasa.

"Hajiya, don Allah kada a rera."

"'Yata, waƙarki ce, ke kika ci. Ba wanda zai hana."

"Da 'yar mai gonar muke zama a benci ɗaya. Jibi akwai makaranta."

Hajiya ta dube ta. Sannan ta ɗaga wa makaɗa hannu alamar a naɗe kaya. Na rufe taro da addu'a, gajeriya, muka kwashe wayoyi cikin gaggawa. Mahaifin yarinyar ya zo ya yi wa Hajiya godiya, ya ce da ba don halin da ake ciki ba, da ba za mu tafi ba mu sha nono ba.

A hanyar komawa muka tsaya sallar magariba a Jahun. Ina ɗaura alwala Hajiya ta zo ta tsaya a kaina.

"Na ce kada ka ba shi lasifikar."

"Kin ce, Hajiya."

"Da ya zagi yarinyar nan a lasifikarmu fa? Da ya ce a tashi a far musu?"

Ban yi wannan tunanin ba lokacin da nake miƙawa. Ni kuma ban ce mata da ta ji maganar mai gari tun a zaure da ba mu kai nan ba. Baba mai kukuma ne ya faɗa mata haka bayan mako guda a wurin bita, ba ta musa ba.

Hedimasta ya kira ni ran Litinin ya ce an zauna, an yanke, kowane ɓangare ya tashi yana ganin an ɗan ƙware shi, amma ba a sake ɗaga sanda ba. Hannun matashin ya warke, sai dai ba ya miƙewa sosai. Yarinyar ta shiga babbar sakandare ta kwana a shekarar da ta biyo baya, ƙungiya ta riƙe ta har ta gama. Garin kuwa ba mu sake zuwa wasa ba. Sau biyu Hajiya ta aika wa mai gari takarda, sau biyu yana cewa a bari sai an kwashe amfanin gona.