Surajo Mai Kallon Katun Ba Murya

Kullum da hantsi, in ka bi ta Kwanar Dangora ka shige bayan masu shayi, za ka tarar Surajo ya riga ya share ƙofar shagonsa, ya jona wayoyin mutane a caji, ya zauna gaban wata tsohuwar kwamfuta. Mutum ne da furfura ta cinye wa gemu. Abin da yake kallo kuwa katun ne, zanen nan mai motsi da ake yi wa yara. Kuma ba murya, ya kashe ta gaba ɗaya. Direbobi kan leƙo su yi masa tsiya: "Malam Surajo, yau wa ya yi nasara, zomon ko kunkurun?" Ko ɗago kai ba ya yi.

Sana'arsa tura fina-finai a memori, ɗan katin nan da ake sa wa waya. Masu irin wannan sana'a sun cika ko'ina daga Bebeji har Doguwa, kuma yawancinsu abin da ya zo hannu shi suke zuba maka. Surajo ba haka ba. Shekara goma sha bakwai ke nan, duk abin da zai shiga hannun yaron da bai isa makaranta ba, sai ya kalle shi daga farko har ƙarshe. In ya yarda da shi ya tura, sannan ya ɗiga koren jan farce a bayan memorin. Matan Kiru da Tudun Wada sun san ɗigon nan. In aka aiko ba shi, mayarwa suke yi.

Ni da nake rubuta wannan, da faɗa na fara saninsa, kuma ni ne ba ni da gaskiya.

Shekara uku da suka wuce, jikata Husna, tana 'yar shekara huɗu, ta ɗauki muciya ta kwaɗa wa ƙaninta Zayyad a ka, yana zaune bai ko fara rarrafe ba. Sai da aka yi masa ɗinki. Abin da ya fi tayar min da hankali, da ta kwaɗa masa dariya ta yi, ta tsaya tana jiran mu ma mu yi. Uwarsu ta ce a waya ta gani. Ban ko tsaya karyawa ba, na zare memorin na hau mota sai Kwana, don an ce min can ake tura wa yara wannan shirme.

Na same shi na sauke masa duk abin da ke bakina a gaban jama'a. Ya bar ni na gama. Sannan ya karɓi memorin ya juya bayansa.

"Baba, wannan ba daga nan ya fito ba. Ba ɗigona. Amma zauna mu gani."

Sai na tuna, ashe ɗana Hafizu ne ya zo da shi daga birni. Ni kaina na tambaye shi a lokacin, ya ce ai ladabi ake koyarwa a ciki, da Turanci. Na ce to, zane ne, kuma ladabi ne, a ba ta.

Surajo ya kunna, ya kashe muryar. Sai ga biri ya ɗauki kasko ya maka wa kare a ka. Kan karen ya lotse, ya dawo daidai, sauran dabbobi suna ta tuntsira dariya. Aka sake. Aka kuma sakewa.

"Can ƙarshe akwai wata tsohuwar mujiya da ke yi musu nasiha," in ji shi. "Nasiha mai kyau kuwa. Amma Baba, Husna tana jin Turanci?"

Na ce ko Hausar ba ta gama iyawa ba.

"To abin da ka gani yanzu shi kaɗai ta gani. Shi ya sa nake kashe murya. Ina so in ga abin da yaron zai gani, ba abin da masu fim suka ce sun nufa ba."

Na ba shi haƙuri a gaban waɗanda na zage shi a gabansu.

Tun daga ranar nake zama wurinsa duk sanda na shigo Kwana, na kuma ga abubuwa da idona. Na ga Saudatu, wata Bafulatana mai tallar nono daga wajen Burumburum, ta ce ya sa wa ɗanta na shanun nan da maƙwabta ke kallo. Ya ce a'a. Ta ce ai ta ji ba duka a ciki. Ya ce, "Ba duka, Inna. Amma ɗan maraƙin ya ɓace wa uwarsa tun farko, sai bayan awa guda suke haɗuwa. Ɗan shekara uku ba ya kai awa guda. Zai tashi da ɓatan, bai ga haɗuwar ba." Ya sa mata wani gajere, na garken da ke zuwa mashaya su dawo tare. Bayan mako ta zo masa da ƙwaryar kindirmo.

Abin da yake ba ƙanana ba shi da yawa. Akwai na tsuntsaye masu ƙirga ƙwai daga ɗaya zuwa goma. Akwai na haruffan Larabci da ake bi a hankali. Akwai na yarinyar da ke wanke hannu ta taya kakarta tsince wake, da wani na iyalin giwaye, wanda yakan ce kada a ba yaro shi kaɗai, a zauna da shi a kalla. Duk gajeru ne, ba gudu, ba ihu, ba yaron da ke murguɗa wa babba baki a tafa masa. Mutane da yawa sun ce kayansa ba daɗi, sun koma shagon gaba. Bai sauya ba.

Surajo, kai ne mai gadin ƙofar da mu iyaye muka bari a buɗe. Ba wanda ya sa ka. Ka zauna kana kallon abin da manya ke jin kunyar a gan su suna kallo, ana maka dariya, don 'ya'yan da yawancinsu ko fuskarsu ba ka taɓa gani ba.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Likitan ido ya ce wa Surajo hawan jinin ido ne, in bai bar kallon kwamfuta ba sauran ganin ma zai tafi. Ƙarshen watan nan zai daina turawa, caji kawai zai riƙe. Na zagaya shaguna huɗu da ƙafata ina tambaya ko akwai mai karɓar aikin. Ɗaya ya ce ba shi da lokaci. Ɗaya ya ce, "Baba, katun ne fa." Haka ni ma na ce kafin a yi wa Zayyad ɗinki. Na koma na faɗa wa Surajo, raina a ɓace. Ya yi murmushi, ya jawo kwalbar koren jan farcen ya miƙo min.

"Dama ba aikin shago ba ne, Baba. Aikin gida ne na riƙe muku."

Allah ya saka maka da alheri, Surajo. Allah ya tsare maka abin da ya rage na ganinka, ya sa ka tarar da wannan aiki a mizani.

Ku kuma iyaye da kakanni, ba roƙonku nake ba, gaya muku nake. Kowane gida a samu mutum ɗaya. Kafin waya ta shiga hannun yaro, a zauna, a kashe murya, a kalla har ƙarshe. Kada wanda ya ce min girma ya hana shi. Na haura saba'in, kuma jiya bayan la'asar ina zaure riƙe da wayar surukata, ina kallon wata agwagwa tana koya wa 'ya'yanta iyo. Zayyad, da tabonsa a goshi, yana bakin ƙofa yana ta buga ƙafa.

"Kai tsoho, ka cika daɗewa. Ba naka ba ne."

Na ce ya jira, saura kaɗan. Ya jira. Sai da agwagwar ta fito da 'ya'yanta duka bakwai a ɗaya gaɓar, na ƙirga su, sannan na buɗe kwalbar.