Ranar da Na Ajiye Taɓarya

Me ya sa na ajiye taɓarya ranar nan? Har yau ban sani ba.

Maigidana, Malam, shi ne mai ba da labarin gidanmu a Jibiya, amma ni na san labarin. Shekara tara na yi ina jinyar kakarsa, tana kaɗi tana faɗa mini. Idan ya zauna a zaure yana ba baƙi labari, ni ina daka a bayan katanga. In ya kauce, sai in ƙwanƙwasa gefen turmi sau biyu, ya yi tari ya gyara. Ba mu taɓa yin maganar wannan ba.

A shekarun da kuɗin mai suka shigo, manyan motoci na layi a bakin iyaka, ɗan ƙanensa ya zo daga jami'a da rikoda. Ya ce tarihi yake karantawa. Na tambaye shi ko wanda ke gida ya ƙare ne. Ya yi dariya, ya ce na gida ɓacewa yake yi, na takarda kuwa yana nan.

Malam ya sa babbar riga, ko da yake rikodar ba ta gani. Sun fara ke nan yaron ya leƙo. "Inna, don Allah a dakata da dakan, yana shiga kaset."

Na dakata.

Ina zaune ina ji Malam ya ce kakansa ya haƙa rijiyarmu ta Magama bayan Turawa sun kafa turken iyaka. Kafin turken ne. Rijiyar na nan da ruwanta suka zo suka raba gonarmu biyu. Taɓarya na jingine kusa da hannuna, ban taɓa ta ba.

Haka aka rubuta. A littafin, mu baƙi ne da suka ƙetaro daga ɓangaren Faransa, can hayin iyaka. Jikokina sun karanta mini, na ce ba haka ba ne, suka nuna mini shafin. Na duba. Baƙaƙe ne reras.

Malam bai sake ba da labarin ba, ya ce an kai shi jami'a. Ina kukan abin kullum, ban ɓoye wa kowa ba. Ranar da zai rasu, bayan la'asar, ina ba shi kunu ya riƙe hannuna.

"Kafin turken ne, ko? Ai ban ji turminki ba ranar."